Barbushe, Magajin Dala

A wannan wata za mu ba masu karatu labarin wani mutum wanda ya yi zamaninsa a ƙasar Kano tun ba a gina ganuwar birnin ba, tun ba a naɗa sarki ko ɗaya a cikinsa ba. Sunansa Barbushe. Shi ne shugaban mutanen da suka zauna a bisa dutsen Dala da kewayensa, shi ne kuma mai riƙe da asirin tsafinsu. Yau shekara dubu ke nan da 'yan kai tun da ya bar duniya, amma da wuya a sami Bakanon da bai taɓa jin sunansa ba. Abin da yawancin mutane suka sani a kansa bai wuce girman jikinsa da ƙarfinsa ba. Mu kuwa abin da ya sa muka ga ya kamata a san labarinsa shi ne wata magana mai ɗaci da ya faɗa wa jama'arsa, da yadda maganar nan ta cika sannu a hankali cikin shekara ɗari biyar.

Inda aka samo labarin

Kusan dukan abin da a ke faɗi a kan Barbushe daga littafi guda ya fito, watau Tarihin Kano. An rubuta shi da Larabci a cikin birnin Kano wajen ƙarshen ƙarni na 19. Ya jera sarakuna 48, daga Bagauda har zuwa Muhammadu Bello wanda ya rasu a shekara ta 1893, ya kuma faɗi yawan shekarun da ko wannensu ya yi a gadon sarauta. Wani Bature mai suna H. R. Palmer ya juya shi da Turanci a shekara ta 1908. Shi ne ya lasafta shekarun sarakunan da baya da baya har ya kai ga shekara ta 999, wadda a ke cewa a cikinta Bagauda ya soma mulki. A shekara ta 1933 kuma Ofishin Fassara na Zariya ya fitar da shi da Hausa cikin littafin nan Labarun Hausawa da Maƙwabtansu.

Labarin Barbushe shi ne a farkon littafin, kafin a soma lissafin sarakuna. Tun da ya ke ya riga Bagauda da tsara guda, a ƙarni na 10 ke nan ya yi zamaninsa. Tsakaninsa da malamin da ya rubuta labarin akwai wajen shekara 900, a cikinsu kuwa baki da baki labarin ya bi, daga kaka zuwa jika. Marubucin Musulmi ne, da kalmomin zamaninsa ya ke magana. Shi ya sa ya kira ranakun bukin mutanen Dala Idi, ya kira ranar shirinsu jajibere, ko da ya ke a zamanin nan ba a soma yin Salla a Kano ba tukuna. Sai mai karatu ya riƙe wannan a zuciya. Abin da za mu bayar shi ne abin da Kanawa suka gāda daga kakanninsu, da tufafin da shekaru suka sa masa.

Dutsen da mutanensa

Dutsen Dala yana cikin tsohon birni, wajen arewa maso yamma, Goron Dutse kuma yana yamma da shi. Tsawonsa ƙafa 1,753 ne in an auna daga fuskar teku, amma daga gindinsa ba wani hawa ne mai nisa ba. Kansa shimfiɗaɗɗe ne, wanda ya tsaya a can ya kan hangi ƙasa ta ko wace fuska. A zamanin da, mazaunin irin wannan wuri ya kan ga abokin gāba tun yana nesa. Akwai ruwa kusa, gama Jakara tana nan daga gabas, ƙasar kuma tana karɓar dawa da gero. Babban abin da ya jawo mutane kuwa shi ne tama, watau dutsen da a ke narkarwa a fitar da ƙarfe. Masu binciken kayan tarihi sun tono wurin narkar da tama a gindin Dala, suka auna shekarunsa, suka tarar tun wajen ƙarni na 7 a ke wannan aiki a wurin. Wannan ya yi daidai da labarin Abagayawa, maƙeran Kano na asali, waɗanda su ke cewa kakansu wani maƙeri ne mai suna Kano wanda ya taso daga Gaya neman tama, ya zauna kusa da Dala.

Ba a Kano kaɗai aka yi haka ba. Mutanen Zazzau na farko a gindin Kufena suka zauna, a Zamfara kuma ga dutsen Kwatarkwashi. Manyan birane da dama na ƙasar Hausa a jikin duwatsu suka tsiro, kakannin mutanensu kuwa mazaunan duwatsu ne masu girmama iskokin da su ke cewa suna zaune a kansu.

Bisa ga Tarihin Kano, dutsen ya sami sunansa daga wani baƙo ne mai suna Dala. Ya zo ƙasar, ya gina gida a kan dutsen, ya zauna da matansa. Ya haifi 'ya'ya bakwai, maza huɗu, mata uku. Babbansu shi ne Garageje, kakan Buzame, Buzame kuwa shi ya haifi Barbushe. In mun lasafta daga Dala, Barbushe tsara ta biyar ke nan. Abin da gidan nan ya gāda daga Dala shi ne sanin tsafi da ka'idodinsa, uba ya koya wa ɗa, har ya iso hannun Barbushe.

Irin mutumin da ya ke

An ce Barbushe baƙin mutum ne, ƙato, ƙaƙƙarfa, maharbi. Da sanda ya ke kashe giwa, ya ɗora ta a ka, ya yi tafiyar wajen mil tara da ita. Mun san yadda dattawa su ke yabon jarumansu, giwa kuwa ba ta ɗaukuwa a ka. Duk da haka maganar tana koya mana abu biyu. Na ɗaya, inda gidaje suka cushe yau a cikin birni, a da kurmi ne da giwaye su ke yawo a ciki. Na biyu, a wurin mutanen nan maharbi babban mutum ne, gama shi ke shiga daji inda kowa ke tsoro, ya komo da nama.

Amma ƙarfin jiki bai isa ya sa shi gaba da kowa ba, domin akwai waɗansu ƙarfafa tare da shi. Gagiwa ma an ce da igiya ya ke kama giwa. Abin da ya ɗaukaka Barbushe shi ne ya fi kowa sanin asirin Dala, yana kuma yin abubuwan al'ajabi da su ke sa mutane tsoronsa. Ta haka ya zama shugaban 'yan'uwansa. A ƙarƙashinsa akwai manya goma sha, ko wanne da mazauninsa. Gunzago yana gindin Goron Dutse daga gabas, Tsamburo yana Jigirya, Jandamisa yana Magwan, Hambarau yana Tanagar, Gambarjado ɗan Nisau kuma yana Fanisau. Ban da su akwai Jambere da Kanfatau da Gartsangi da waɗansu. Wanda ya san ƙasar Kano zai lura yawancin wuraren nan duwatsu ne ko tuddai. Ashe dai jama'ar Barbushe dangogi ne warwatse, ko wane dangi da dutsensa, Dala kuwa shi ne cibiyarsu.

Mulkinsa ba irin na sarakunan baya ba ne. Ba a ba da labarin ya kai yaƙi wani gari ba. Haraji ma, littafin ya ce Sarki Naguji, wanda ya yi mulki daga 1194 zuwa 1247, shi ne ya fara karɓar kashi ɗaya cikin takwas na amfanin gona. Barbushe zamansa ya ke yi a kan dutse, ba ya sauka sai a ranaku biyu na buki cikin shekara. Rashin ganinsa ma yana cikin abin da ya ƙara masa kwarjini, gama ido wa ka raina, wanda na ke gani yau da gobe.

Daren Tsumburbura

Sunan abin da su ke bauta wa Tsumburbura. Mazauninsa wani itace ne da a ke kira Shamus, an kewaye shi da katanga, akwai kuma mai tsaro wanda ba ya barin wurin dare da rana. Ba mai shiga cikin katangar nan sai Barbushe kaɗai. Sun gaskata duk wanda ya shiga in ba shi ba, mutuwa zai yi.

Sa'ad da ranar buki ta yi kusa, sai jama'a su taso daga gabas da yamma, kudu da arewa, maza da mata. Ko wane gida da abin hadayarsa, wani baƙin kare, wani baƙar kaza, wani baƙin bunsuru. Da maraice su taru a gindin Dala, su yi ta jira. In duhu ya yi sai Barbushe ya fito daga gidansa tare da makaɗansa, ya ta da murya ya kira Tsumburbura, jama'a su amsa daga ƙasa. Sa'an nan ya gangaro, su ɗunguma bayansa zuwa gindin itacen, kowa ya yanka abin da ya kawo. Shi kuwa sai ya shige cikin katanga shi kaɗai, ya shaida musu cewa shi ne magajin Dala, ko suna so ko ba su so sai sun bi shi. Su kuma su amsa cewa sun bi. Daga nan su yi ta kewaya wurin har gari ya waye, kāna su ci abinci.

Da safe Barbushe ya kan fito ya gaya musu abin da zai faru a cikin shekara, na alheri da na masifa, har da irin baƙin da za su shigo ƙasar. Wannan shi ne abin da ya ke kawo mutane daga nesa. Manomi yana so ya ji labarin damina, maharbi yana so ya ji na daji, uwa kuma tana so ta ji ko akwai annoba a gaba. Irin wannan al'ada ta daɗe a ƙasar Hausa. Azna na wajen Maraɗi da Birnin Ƙonni a ƙasar Nijar an san su da bukin buɗin daji, inda manyansu su ke duba abin da shekara za ta kawo kafin a shiga farauta.

Akwai kuma kurmin Jakara, wanda a ke kira Kurmin Baƙin Ruwa saboda duhun ruwansa da itatuwan da suka rufe shi. Sun ce rassansa ba su motsi, sai in masifa tana zuwa, sa'an nan a ji ƙara, a ga hayaƙi yana tashi. In haka ta faru su kan yanka baƙin kare da baƙin bunsuru. In ƙarar ta tsaya, masifar ta kau, in kuwa ta ƙaru, sai su san ba makawa. Daga wannan mun gane zaman mutanen nan zaman tsoro ne ƙwarai, kullum kunnensu yana wajen kurmi.

Maganar da ba su so ji ba

A wata shekara, da Barbushe ya fito daga cikin katanga, sai ya faɗa musu abin da bai taɓa faɗi ba. Ya ce wani mutum zai zo ƙasar nan da rundunar yaƙi, ya ƙwace mulki daga hannunsu. Za a sare itacensu a ƙone shi, a gina masallaci. Jama'a suka ɓata rai, suka ce wannan mugun baki ne, suka tambaye shi dalilin da ya sa ya faɗi haka. Ya yi shiru. Da ya sāke buɗe baki bai janye kome ba, sai ma ya ƙara. Ya ce za su ga mutumin nan har a cikin tsattsarkan wurin Tsumburbura. In bai zo a zamaninsu ba, zai zo a zamanin 'ya'yansu, ya mallaki ƙasar duka, ya manta da su da zuriyarsu, ya ɗaukaka kansa da mutanensa shekaru masu yawa.

Jikinsu ya yi sanyi, gama sun san ba ya yi musu ƙarya. Suka tambaye shi abin da za su yi su kawar da wannan masifa. Ya ce ba magani sai haƙuri.

A nan ne mu ke ganin girman mutumin. Dukan darajarsa a kan itacen nan ta rataya. Da ya ga dama da ya ce su ƙara kawo awaki da kaji, shi zai tsare musu ƙasa, da kuwa sun kawo da murna, kwarjininsa ya ƙaru. Masu duba da yawa haka su ke yi har yau, ba su taɓa rasa maganin da za su sayar. Shi kuwa ya gaya musu a fili cewa abin da ya ke wa hidima ba zai iya tsare kansa ba, balle ya tsare su. Waɗansu masana tarihi suna ganin masu ba da labari na baya ne suka gyara maganar domin ta dace da abin da ya riga ya faru, musamman zancen masallaci. Ko da haka ne, abin lura shi ne Kanawa, har da malamansu Musulmi, da gaskiya suka tuna da shi. Littafin da ya kira shi matsafi shi ne kuma ya shaida cewa mutanensa ba su san shi da ƙarya ba.

Zuwan Bagauda

Barbushe bai ga cikar maganarsa ba. Bayan tsara guda sai ga Bagauda ɗan Bawo, jikan Bayajida na Daura, ya iso da jama'arsa. Cikin manyan Barbushe biyar kaɗai suka rage, watau Jambere, Hambarau, Gartsangi, Jandamisa da Kanfatau. Suka tambayi juna ko wannan ne mutumin da aka faɗa musu. Jambere ya rantse da Tsumburbura cewa in suka bar baƙin nan suka shigo, za su mallake su har su zama ba a bakin kome ba. Jama'a suka ƙi jinsa, suna cewa ina Bagauda zai sami ƙarfin cinsu. Bagauda ya ci waɗansu shugabanni da yaƙi, ya gina gari a Sheme, a can ya zauna har mutuwarsa a shekara ta 1063.

Mutanen da ya tarar suna da tsarinsu. Littafin ya lasafta dangogi 11, ko wanne da shugabansa da sana'arsa. Mazauda shi ne babbansu. Gijigiji maƙeri ne, Bugazau mai dafa giya, Hamburki mai maganin cututtuka. Ɗambuntuniya shi ke tsaron gari da dare, daga gare shi Kurmawa suka fito. Tsoron Maje shi ne sarkin samari, Jandodo sarkin makaɗa, Asanni shugaban mawaƙa da masu rawa, Baƙonyaƙi kuma gwanin baka da kibiya. Awar mai gishiri ne, shi ne sarkin ruwa na ƙasar duka. Maguji kuwa shi ke haƙar tama yana narkarwa, an ce shi ne kakan Maguzawa. Marubucin ya rufe lissafin da cewa waɗannan su ne tushen Kano. Jama'ar da ta ke da maƙeri da mai magani da mai gadi da sarkin ruwa, ai ta san zaman gari tun kafin a yi mata ganuwa.

Yadda maganar ta cika

Ba a rana ɗaya mulki ya fita daga hannun mutanen Dala ba. Jikan Bagauda, Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, da kyauta ya shawo kansu. Da fari Mazauda ya yi zargin ya zo ne domin ya rushe tsafinsu. Amma Sarki ya yi ta aika wa dattawa da kyautai har suka shiga yabonsa, Mazauda kansa ya so ya ba ɗan Sarki 'yarsa aure, sai Bugazau ya hana. Da yardarsu aka soma ginin ganuwa, aka yanka shanu 100 a ranar farko. Ɗansa Yusa, wanda a ke kira Tsaraki, shi ya ƙarasa ginin. Da haka Dala ya koma cikin birnin waɗansu.

Sarauta ta tafi, amma asiri yana hannunsu tukuna, shi ne kuwa sarakuna suka yi ta nema. Guguwa, wanda ya hau a 1247, ya matsa musu su gaya masa, suka ƙi. Daga baya ya makance, rabin sarautarsa a makance ya yi ta. Shekarau, daga 1290 zuwa 1307, ya ga zaman lafiya ya fi, ya bar musu al'adunsu. Sai a zamanin Tsamiya, daga 1307 zuwa 1343, aka yi ta ta ƙare. Ya yaƙe su, ya shiga wurin da aka ce ba mai shiga ya fita da rai, ya rushe katangar. Mutane suka watse, biyu kaɗai suka tsaya, suka gaya masa asirin, shi kuwa ya naɗa ɗaya daga cikinsu Sarkin Tsibiri. Tun daga ran nan mai hidimar tsafi ya zama bara a fadar Sarki. Wannan ya faru shekara 300 da ɗoriya bayan Barbushe ya ce za a ga baƙo a cikin wurin.

A zamanin Yaji, daga 1349 zuwa 1385, Wangarawa wajen 40 suka zo daga Mali, shugabansu Abdurrahman Zaite, suka kawo addinin Musulunci fada. Aka gina masallaci a gindin itacen nan. Masu tsafi ba su yarda da sauƙi ba, Sarkin Garazawa da mutanensa suka riƙa zuwa da dare suna ƙazantar da wurin, har aka sa masu tsaro. Ɗan Yaji ma, watau Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, da Zazzagawa suka kore shi a yaƙi, wurin Sarkin Tsibiri ya koma neman shawara. Aka ce ya mai da abin da ubansa da kakansa suka rushe, ya kuwa yi. Wannan ya nuna mana tsoron itacen bai fita daga zuciyar sarakuna da wuri ba.

Ƙarshen abin ya zo a zamanin Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, lokacin da Shehu Magili ya sauka a Kano wajen shekara ta 1492. Aka umurci Sarki ya gina masallacin Jumma'a, ya sare itacen, ya ta da hasumiya a gurbinsa. Rumfa ne kuma ya kafa kasuwa a bakin Jakara, ita ce Kasuwar Kurmi, wadda har yanzu ta ke ɗauke da sunan kurmin da a ke tsoro a da. Daga Barbushe zuwa wannan rana wajen shekara 500 ke nan.

Abin da ya rage

Sauran magana ɗaya cikin abin da ya faɗa, watau za a manta da su. Ita ma ta kusa cika sarai. Waƙar Bagauda, wadda ta jera sarakunan Kano, daga Bagauda ta fara, tana nuna shi ne ya fara saran dajin, sai ka ce ba kowa a wurin kafin zuwansa. Labarin Bayajida da Hausa Bakwai ma daga Bagauda ya ke lasafta Kano. Waɗanda suka riƙe al'adun kakanni suka koma ƙauyukan Kano da Katsina da arewacin Zazzau, aka san su da sunan Maguzawa. Tarihin Kano ya ce daga Maguji sunan ya fito, waɗansu masana kuwa suna cewa daga kalmar Larabci ne, majusu. Wani masani daga Amurka, Joseph Greenberg, ya zauna tare da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 da 1939, ya tarar suna yi wa iskoki yanka, ko wane iska da irin dabbarsa da launinta, kamar yadda mutanen Dala su ke zaɓen baƙi. Cikin ƙarni na 20 da yawansu suka shiga Musulunci, waɗansu kuma suka zama Kirista.

Gidan Bagauda ma bai dawwama ba. A shekara ta 1807 masu jihadi suka kori Sarki Alwali, a 1903 kuma Turawan Ingila suka ci birnin. Jakara ta zama magudanar ruwan gari, gidaje sun kewaye Dala har gindinsa, an yi masa matakala, yara suna hawa su sha iska a inda mutum ɗaya kaɗai ya ke zaune a da. Amma ƙira da kiɗa da magani da sauran sana'o'in dangogin nan 11 ba su bar birnin ba, sunan Dala kuma yana bakin kowa.

Da yawa cikin masu karatunmu 'ya'yan Maguzawa ne, waɗansu kuma daga duwatsun Jos da kudancin Zazzau da Bauci kakanninsu suka gangaro. Mun sani akwai waɗanda su ke jin kunyar faɗin asalinsu, domin kada a ce musu arna ko mutanen dutse. To, ga birni mafi girma a ƙasar Hausa, littafin tarihinsa da kansa ya ce mutanen dutse ne tushensa. Mutum ya iya barin tsafin kakanninsa ba tare da ya jefar da sunayensu ba.

Sunan Barbushe ya iso gare mu domin wani malami, wanda ba addininsu ɗaya ba, ya ga ya kamata ya rubuta abin da tsofaffi suka faɗa masa. Da bai yi haka ba, da yau ba mu san Garageje ko Jambere ko Maguji ba. A garuruwanmu akwai tsofaffi waɗanda suka san wanda ya fara zama a kan dutsen garinsu, da sunayen dangogi, da sana'ar ko wane gida, da inda aka bi aka zo. Ko wace shekara suna raguwa. Muna roƙon waɗanda Allah ya ba su sanin karatu da rubutu su sami littafi da alƙalami, su zauna wurin tsofaffin nan tun suna da rai, su rubuta abin da suka ji yadda suka ji shi, mai daɗi da marar daɗi, su ajiye domin 'ya'yansu.